Kafin a zuba kuɗi a injin esfireso: Abin da gonakin gahawa na Vom ke koya wa mai saye

Mafi yawan masu shan gahawa a Arewa sun fara ta ne a teburin mai shayi, inda ake yage ledar Nescafé a zuba a ruwan zafi. Amma a Abuja da Jos an fara samun gidajen da suka wuce wannan mataki, har masu su na tunanin sayen injin esfireso irin na manyan otal-otal, wanda kuɗinsa kan kai miliyoyin naira. Kafin a biya, yana da kyau a leƙa Vom, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, domin a can ake samun abin da injin ba ya zuwa da shi a kwali.

An fi sanin Vom da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda ke garin tun 1924, da kuma dankalin Turawa da shanun madara. Sai dai tudun da garin ke kai, mai tsayin sama da mita 1,200, da sanyin da ake yi a wurin, sun dace da gahawa nau'in Arabika. Ƙananan manoma a ƙauyukan yankin na nomanta, ko da yake tsaunin Mambila na Jihar Taraba ya fi shahara da ita.

Esfireso gahawa ce kaɗan mai kauri, wadda ake samu idan an tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ta cikin lallausan gari, da matsin da ya ninka na iskar sarari sau tara, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Italiyawa ne suka ƙirƙiro ta: Achille Gaggia ya fito da inji mai sandar dannawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan kamfanin Faema ya kawo mai famfon lantarki a 1961. Abin da mai tsada ya fi mai araha da shi shi ne riƙe zafi da matsi ba tare da sun yi sama da ƙasa ba. Wasu ma tukunya biyu gare su, ɗaya ta gahawa, ɗaya ta tururin da ke kumfanta madara.

To amma inji ba ya gyara gahawar da ta tsufa. Da zarar an soya 'ya'yanta, ƙanshinsu kan fara raguwa cikin 'yan makonni, idan kuma an niƙa su, cikin mintoci. Wadda aka shigo da ita daga Turai takan yi watanni tsakanin jirgin ruwa da sito da kanti. Ta Filato kuwa ana iya soya ta a Jos, ta isa Abuja a yini guda. Shi ya sa masu sana'ar ke ba da shawarar a fara da injin niƙa mai kyau, wanda ke fitar da gari bai ɗaya, domin idan garin ya yi tsaki-tsaki ruwa zai wuce da sauri, kofin ya yi tsami, idan kuma ya cika laushi ya yi ɗaci.

Sai batun wuta. Irin waɗannan injuna kan ja wat 1,200 zuwa sama, abin da ƙaramin janareta ba zai iya ɗauka ba, kuma wasu sai sun yi kusan rabin sa'a a kunne kafin su daidaita. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, don haka wanda aka yo wa tsarabar inji daga can ya jona shi kai tsaye, ya ƙona kuɗinsa. Ruwan burtsatse mai yawan ma'adinai kuma kan tara kanzo a tukunya har bututu ya toshe. Ba a cinikin biri a sama: a tambayi mai sayarwa inda makanike da kayan gyara suke tun kafin a biya.

Ga manomin Vom, lamarin ya wuce na ɗanɗano. Bishiyar gahawa takan yi shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara 'ya'ya, kuma wanda bai ga mai saye ba zai sare ta ya shuka dankali, wanda ke nuna cikin wata uku. Gidan da ke haɗa kofi biyu a rana, kowanne da giram 18, zai ci fiye da kilo guda a wata. Ko wannan kilo zai fito daga Italiya ko daga Vom, mai injin ne zai zaɓa.