Riƙe usur a ƙwallon kwando: mai tsaro ake kallo, ba ƙwallo ba

Tun da D'Tigress suka kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, na lura yaranmu na Agege sun ƙara zuwa filin ƙwallon kwando. 'Yan wasa kam akwai su, alƙalai ne babu. Duk wanda ya zo da usur a aljihu shi ne lafari. Ni ma haka na fara, kuma sai da na kusa haddasa rigima kafin na nemi littafin dokoki na karanta.

Wata Asabar ce, yaran unguwarmu na karawa da wata ƙungiya da yawancinta Yarbawa ne. Saura kaɗan a tashi, yaronmu ya kutsa da ƙwallo ya yi karo da mai tsaro, duka biyun suka zube. Na busa, na ɗora wa mai tsaron laifi. Gaskiyar magana ban ga komai ba, ina can tsakiyar fili idona na kan ƙwallo. Nan take wani ya ce aboki ya taimaki ɗan'uwansa, namu ma suka mayar da martani. Maganar ta bar wasa ta koma ƙabila, sai da manya suka shiga tsakani. Mu da ke zaune a Kudu mun san irin abin da ƙaramin hayaniya ke iya zama.

To me doka ta ce game da irin wannan karo? A dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, mai tsaro ya kafa matsayinsa idan yana fuskantar abokin hamayya kuma ƙafafunsa biyu na ƙasa. Da zarar ya kafa, yana da damar matsawa gefe ko baya don ya ci gaba da tare hanya. Abin da ba a yarda ba shi ne ya taso gaba ya shiga jikin mai ƙwallo. Idan ya riga ya isa wurin kuma aka buge shi a ƙirji, laifin mai ƙwallo ne. Mutane da yawa suna ihun "ai yana motsi!" suna zaton dole ya tsaya cak kamar turke. Ba haka ba ne. Shi ya sa lafarin da ke bin ƙwallo da ido ba zai iya yanke wannan hukunci ba, don amsar tana ƙafafun mai tsaro tun kafin a yi karon.

Haka kuma kowane ɗan wasa na da haƙƙin sararin da ke saman kansa. Mai tsaron da ya yi tsalle a miƙe, hannuwansa sama, bai yi laifi ba ko da mai jifa ya faɗa masa. Amma in ya sauke hannu ya rufta kan mai jifa, ya fita daga nasa sararin. Kuma ba kowace gogayya ce laifi ba. Mutum goma ne a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, dole jiki ya taɓa jiki. Abin tambaya shi ne, taɓawar ta hana wani abin da yake shirin yi, ko ta ba wani damar da bai cancanta ba? In a'a, bar wasa ya ci gaba. Na koyi jinkirta busa da ɗan ƙiftawar ido in ga ƙarshen abin, kuma hakan ya rage mini kuskure sosai.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai ka tsaya inda ya dace. A manyan wasanni alƙalai uku ne, mu a nan in an samu biyu an gode Allah. Ɗaya yana bayan layin ƙarshe kusa da kwando, yana lura da masu kokawar neman wuri a ƙarƙashi. Ɗayan yana bayan wasa, yana lura da mai ƙwallo a waje da layin maki uku. In ƙwallo ta juya sai su yi musaya, na baya ya ruga ya zama na gaba. Abin da kake nema kullum shi ne ka hango ratar da ke tsakanin 'yan wasa biyu. In bayan mutum kake gani, matsa taku biyu. Kuma kar ka riƙa busa abin da ya faru a gaban abokin aikinka alhali kana nesa, ya fi ka gani.

Wata matsalar kuma NBA ce. Yara suna kallonta a waya, su zo suna gardama da dokokinta. A can laifi shida ke fitar da ɗan wasa, a FIBA biyar ne. Zango a can minti 12, a nan minti 10. A FIBA ƙwallo in ta taɓa zoben kwando kowa na iya bugunta, a NBA ba a yarda ba muddin tana saman zoben. Batun taku ma ya sauya tun 2017: takun da ɗan wasa ya yi yayin da yake kama ƙwallo a guje ba ya cikin lissafi, bayan shi ne yake da taku biyu. Tsofaffin 'yan wasa har yau suna ganin wannan tafiya da ƙwallo ce. Ni dai kafin a fara ina kiran kyaftin biyu in ce musu dokar FIBA za mu bi. Filayenmu ba su da agogon sakan 24, don haka muna ba wani a teburi waya ya riƙa lura. Sakan 8 na tsallaka tsakiyar fili da sakan 5 na jefa ƙwallo daga waje kuwa da hannu nake ƙirgawa, kowa na gani.

Alamomin hannu suna da amfani na musamman a wurinmu, inda fili ɗaya ke ɗauke da Hausa da Yarbanci da Ibo da buroka. In laifi ne kan mutum, busa ka ɗaga dunƙulallen hannu. In karya doka ce kawai kamar tafiya da ƙwallo, ka ɗaga buɗaɗɗen tafi. Sannan ka je gaban teburi, ka tsaya, ka nuna lambar ɗan wasan da irin laifin. Kar ka yi a guje, don mai rubutu ne zai gaya maka in ƙungiya ta cika laifi huɗu a zango, wanda daga na biyar sai jifan kyauta biyu.

Masu ƙorafi fa? Kyaftin na iya tambaya cikin ladabi in an tsayar da wasa, kuma ina amsa masa a taƙaice. Mai ihu ina masa kashedi sau ɗaya, in ya sake sai laifin rashin ɗa'a, abokan hamayya su samu jifan kyauta ɗaya. Tun ranar waccan rigima na daina yi wa yaranmu Hausa a cikin fili, ko da "yi haƙuri" ce, don wanda ba ya ji zai ɗauka baki muke haɗawa. In kuma wasan na unguwa da unguwa ne, ba na yarda in busa ni kaɗai, sai an kawo lafari ɗaya daga ɗaya ɓangaren mun yi tare.