Dusar ƙanƙarar da ba a shafa wa launi ba

Wataƙila ka taɓa cin karo da hoton nan a intanet: wata mata ta kare kanta da laima, iska na kaɗa dusar ƙanƙara, bayanta ga wata makekiyar jar ƙofa. In ka ɗauka kwamfuta ce ta haɗa shi, to tsaya ka ji. Aikin Kawase Hasui ne, wani mai zane ɗan Japan, kuma ya fito a 1925. Ƙofar kuwa ta Zojoji ce, wurin ibadar mabiya addinin Buddha a birnin Tokyo.

Da katako ake buga irin wannan hoto, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa zanen a jikin allunan itacen ceri, kowane launi da allonsa. Sai mai bugawa ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da hannu, allo bayan allo. In takardar ta goce ko kaɗan, shi ke nan, hoton ya lalace.

To ina dusar ƙanƙarar take fitowa? Galibi farin takardar ne kawai. Masassaƙi ya rarake wurin, launi bai taɓa shi ba. Haka Hiroshige ya yi a 1856 a hotonsa na wurin ibadar Asakusa: jar fitila a sama, farin sarari a ƙasa, kana kallo kamar ka ji sanyin a jikinka.

Sana'ar ta sha da ƙyar. Girgizar ƙasar 1923 ta haddasa gobarar da ta cinye shagon Watanabe, mai wallafa ayyukan Hasui, har da allunan da aka sassaƙa. Littattafan zanen Hasui ma sun ƙone. Bai zauna yana kuka ba, shekara biyu bayan nan ya fitar da hoton matar nan. A 1945 bama-baman yaƙi suka ƙone mafi yawan gine-ginen Zojoji, amma jar ƙofar, wadda aka gina a 1622, tana nan tsaye har yau.

Mu da muke ɗaukar hoto goma a minti ɗaya mu goge tara, akwai abin lura a nan. In hoton ya sake biyowa ta wayarka, kada ka yi saurin wucewa. Buɗe shi da kyau, ka ƙirga launukan, ka tuna cewa kowannensu sai da wani ya sassaƙa masa allo.