Battar Kaka da Kwalbar Sarkin Sin

Kakana yana da wata battar fata da ta yi baƙi don tsufa, ba ta barin aljihun taguwarsa. In aminansa suka hallara bayan la'asar, batta ce ke zagayawa, kowa ya ɗebi garin taba da yatsu biyu. Ita na tuna da na fara ganin tsofaffin kwalaben tabar shaƙa na ƙasar Sin. Aikinsu ɗaya, sai dai ta Sin 'yar gata ce.

A zamanin daular Qing, wadda ta yi mulki daga 1644 zuwa 1912, manyan Sin sun ɗauki tabar shaƙa a matsayin maganin mura da ciwon kai. Turawa a ɗan akwati suke zuba tasu, amma laima kan shiga ta ɓata garin. Sai Sinawa suka koma ga 'yar kwalba mai toshi, wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba, da ɗan mitsitsin cokali maƙale a jikin murfin. Wanda ya san tandun kwalli da muciyarsa ya riga ya gane fasalin.

Na tangaran, yawancinsu a Jingdezhen ake yi, garin da ya shahara da wannan sana'a a lardin Jiangxi. Wuta biyu suke sha. Da fari a gasa jikin a wuta mai tsananin zafi, wajen digiri 1,300, ya fito fari tas yana sheƙi. Sannan mai zane ya hau kansa da launukan da aka haɗa da garin gilashi, a mayar wuta mai sanyi-sanyi, wajen digiri 800, launin ya narke ya kama. Kamar kilishi ne: shanya daban, labu daban, a ƙarshe a kara shi a garwashi, in wuta ta yi yawa an yi asara. Launin ruwan hoda da suka soma amfani da shi a shekarun 1720 kuwa, da ɗan zinariya ake samar da shi.

Amma zanen ne ya fi ɗaukar hankalina. Matanmu sun san atamfa ba ado kawai ba ce, wata sunanta ma habaici ne ga kishiya. To haka waɗannan kwalabe suke magana. Jemage, da mu ba ma ko son ya kwana mana a rufin ɗaki, a wurinsu alheri ne, don kalmar jemage da ta albarka furucinsu ɗaya, "fu". Jemagu biyar a jikin kwalba addu'a ce biyar: tsawon rai, arziki, lafiya, kyakkyawan hali, da cikawa cikin salama. Sai ka ce tsohuwa ce ke sa wa jikanta albarka. Kifi yana nufin yalwa, barewa albashin muƙami, su ma don kamancin furuci. Ke nan in mutum ya ba abokinsa kwalba mai barewa, ya yi masa fatan ƙarin girma ba tare da ya buɗe baki ba.

Ni dai na fi son na zamanin Sarki Daoguang, 1820 zuwa 1850, waɗanda ake zana wa ƙwaro guda, kore, dangin fara, a kan farin jiki. Sinawa kan ajiye irinsa a keji don kukansa. Babu cunkoso, kamar farar riga mai aiki a wuya kawai.

A gindin kwalba akan rubuta sunan zamanin sarki, sau da yawa da jan launi. Nan ne ake yaudarar mai saye. Sunan Sarki Qianlong, wanda fadarsa ta yi matuƙar son waɗannan kayan, an ci gaba da liƙa shi a kwalaben da aka yi bayan mutuwarsa da shekaru aru-aru. Duk matar da ta taɓa sayen atamfa mai "Holland" a bakinta, wanki ɗaya ta zuba, ta san wannan ciwon.

Don haka in aka miƙo maka irin wannan kwalba, kada ka yi saurin kifa ta kana neman suna. Fara da duba tsaftar layin zanen da inda yatsu suka cinye launin, sannan ka buɗe ka shinshina.