Ba Tsufa Ke Sa Tsabar Zinariya Tsada Ba

Da yawa daga masu sha'awar tsofaffin tsabar zinariyar Amurka sun ɗauka cewa shekarar da ke jikin tsaba ita ce farashinta: gwargwadon tsufanta, gwargwadon tsadarta. Mai wannan fahimta yana da uzuri, domin abin da ya daɗe yakan yi wuyar samu, abin da ya yi wuyar samu kuma yakan yi tsada. Sai dai in aka bi yadda ake cinikin, za a tarar ba haka lissafin yake ba.

Mu ɗauki tsabar dala ashirin da ake kira Double Eagle, wadda aka riƙa bugawa daga 1850 zuwa 1933. Nauyin kowace giram 33.4 ne, kashi 90 cikin 100 zinariya, sauran jan ƙarfe. A 1904 gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya buga fiye da miliyan shida, shi ya sa wadda ta sha hannu daga cikinsu kuɗinta bai ɗara na zinariyar jikinta da yawa ba. Ta 1933 kuwa an buga 445,500, amma gwamnatin Shugaba Roosevelt ta janye zinariya daga hannun jama'a, aka narkar da kusan dukkansu. Guda ɗaya, wadda ake ganin ita ce ta taɓa zama a taskar Sarki Faruk na Masar, an sayar da ita a gwanjo a 2021 kan dala miliyan 18.9. Ƙanwa ta fi yaya tsada nesa ba kusa ba.

Ko a shekara guda ma farashi kan bambanta. A bayan tsohon samfurin Double Eagle, ƙarƙashin gaggafa, akwai ɗan harafi mai nuna inda aka buga. A 1870 gidan San Faransisko, mai alamar S, ya fitar da ɗaruruwan dubbai, na Carson City mai alamar CC kuwa bai kai dubu huɗu ba. Shekara ɗaya, nauyi ɗaya, amma tsakanin kuɗinsu akwai rata mai yawa.

Sai kuma lafiyar tsabar. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suna ba da maki daga 1 zuwa 70, kuma a matakan sama maki ɗaya na iya ninka farashi. Wanda ya goge tsabarsa don ta yi ƙyalli ya rage mata daraja, domin idon masani ba ya kuskure tabon guga.

Abu mafi muhimmanci shi ne, shekarar da aka rubuta ba shaida ba ce. Tun 1973 dokar Amurka ta wajabta buga kalmar COPY a jikin tsabar kwaikwayo, amma mai yin jabu ba ruwansa da doka. Wadda aka yi wa ruwan zinariya, ma'auni kan tona asirinta, tunda ta gaskiya faɗinta milimita 34 ne, nauyinta kuma sananne. Amma akwai jabun da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya da zinariya ta ainihi, a zamanin da aka hana Amurkawa ajiye zinariya sai tsabar tarihi. Gwajin maƙeri zai wanke irin waɗannan, alhali ba su da darajar komai bayan ta nauyinsu.

Za a iya cewa, ai tsabar da aka buga kafin 1834 suna da tsada ƙwarai. Gaskiya ne. To amma dalilin shi ne zinariyar jikinsu ta zarce kuɗin da aka rubuta musu, sai 'yan kasuwa suka yi ta fitar da su waje ana narkarwa, kaɗan suka tsira. Nan ma ƙaranci ne ya yi aiki.

Don haka wanda aka yi wa tallar irin wannan tsaba, ya fara da tabbatar da sahihancinta a wurin masana, sannan ya duba inda aka buga ta, da yawan waɗanda suka rage, da lafiyarta. Kafin hakan ya tabbata, kada ya biya fiye da kuɗin zinariyar da aka auna a gabansa.