Saniyar Da Aka Ware Wa Uwa: Daga Rugagen Wagini Zuwa Gonar Sebore

Uwargida, in kika tambayi dattijon makiyayi a ƙasar Wagini tarihin gidansu, ba zai tsaya kan sunayen kakanni kaɗai ba. Zai nuna miki saniya ya ce wannan jikar wadda aka bai wa mahaifiyata ce a sadaki, waccan kuwa daga tsatson maraƙar da aka ba ni ranar suna ta fito. Makiyayi yana bin nasabar shanunsa ne ta wajen uwa, don haka duk garken da kika gani, akwai dukiyar mata da ta yara a cikinsa, maigida riƙo kawai yake yi wa wani sashe.

Wagini tana cikin ƙaramar hukumar Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, a gefen dajin Rugu, wanda ya miƙa har Safana da Ɗanmusa ya dangana da iyakar Zamfara. A shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa, da tallafin Amurka, ta keɓe wannan yanki a matsayin makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, ɗaya daga cikin na farko a Nijeriya, kuma a 1965 aka yi dokar wuraren kiwo. An gina madatsun ruwa, an kawo malaman dabbobi, da nufin makiyayi ya zauna wuri ɗaya ya huta da yawon neman ciyawa. Iyalan da suka amsa wannan kira su ne magabatan kiwon zamani a ƙasar Katsina, ko da yake ba a rubuta sunayensu a littafi ba. Sun sha fari na 1973, sun sha annobar shanu ta 1983, garke ya ragu ya sake tashi.

Don ki ga inda irin wannan saniyar uwa za ta iya kaiwa, bari mu leƙa Mayo Belwa a Jihar Adamawa, mahaifar Murtala Nyako. Mahaifinsa Alhaji Hamman Yero ɗan kasuwa ne mai sayen amfanin gona, mahaifiyarsa kuma Hajiya Maryam Daso. Masu ba da tarihinsa sun ce da shanunsa aka haife shi, domin tun kafin ya zo duniya an ware wa mahaifiyarsa wasu shanu da sunan 'ya'yan da za ta haifa. Ki duba amanar da ke wuyan wannan baiwar Allah: dukiyar wanda bai ma iso ba.

Ya shiga aikin sojan ruwa a 1963, ya zama gwamnan soja na farko na Jihar Neja a 1976, ya shugabanci rundunar sojan ruwa daga 1990 zuwa 1992. Duk wannan bai raba shi da shanu ba. A gonarsa ta Sebore ya killace su, ya noma musu ciyawa, ya haɗa na gida da irin shanun madara na ƙasashen waje. Dalilin a fili yake. Bunajinmu tana jure zafi da doguwar tafiya, amma abin da ake tatsa a jikinta a rana da wuya ya wuce lita ɗaya zuwa biyu, ita kuwa ta waje ga nono amma ba juriya. 'Yar da aka samu tsakaninsu takan ɗauko wani abu daga kowane ɓangare. Ya kuma dasa mangwaro mai yawa, har aka laƙaba masa Baba Mai Mangoro. Gwamnan Adamawa da ya yi daga 2007 zuwa 2014 zance ne na 'yan siyasa, mu bar musu.

Kada dai mu ruɗi kanmu. Nyako yana da fili nasa na kansa, da jari, da sanin manya. Makiyayin Wagini fili ne na gwamnati aka ce ya zauna a kai. Da kulawa ta ja baya, madatsu suka cushe, gonaki suka ci burtali, sai rigima ta samu ƙofa. Daga baya satar shanu ta mamaye dajin Rugu, kuma waɗanda ta fara cinyewa su ne makiyayan kansu. A shekarar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kai ga rufe kasuwannin dabbobi da katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana.

Idan aka kore garke a dare ɗaya, labari yakan ce wane ya yi asarar shanu kaza. Ba a faɗin cewa uku daga ciki sadakin matarsa ne, biyu na marayun ɗan'uwansa ne. Ba a faɗin cewa nono da man shanu, waɗanda a al'ada na mace ne, su ne kuɗin sabulu da na makarantar allo. Ni a ganina wannan ce asarar da ta fi ciwo, don ita ce ba wanda ke ƙirgawa.

Ko ba ɓarawo ma, akwai wani ramin. Maigida yakan rasu, a tattara garke duka a ce nasa ne, a raba. Alhali shari'a ta ce a fara cire abin da ba nasa ba, wato sadakinki da 'ya'yan da ya haifa, da kyautar da aka damƙa wa yara, sannan hidimar jana'iza, bashi da wasiyya. Bayan nan ne mata ke da tumuninsu idan akwai 'ya'ya, 'ya mace kuma rabin rabon namiji. Haka zakka, kowa da lissafin abin da ya mallaka: shanu 30 a fitar da maraƙi, 40 a fitar da karsana babba, sai dai idan shanun mutane da yawa suna haɗe a kiwo, wannan yana da nasa hukunci, a tambayi malami.

Saboda haka in kina da saniya ko tunkiya a hannun miji, ko wa, ko wani mai kiwo a ƙauye, ki samu littafi tun ana zaman lafiya. Ki rubuta kamanninta, da ranar da aka ba ki, da duk abin da ta haifa, sannan mutum biyu su sa hannu a matsayin shaidu.