Ka Ƙara Ram, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Yawancin ram ɗin da ake mayar wa 'yan kasuwa wai ya lalace, lafiyarsa ƙalau. Madabod ɗin ne bai san shi ba. A aikina na gyara na fi ganin haka a tsofaffin kwamfutocin tebur na gwanjo, irin na zamanin Core 2 Duo: fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin, wani lokaci ta yi ta ƙara ɗit-ɗit.

Fara da duba jinsin. DDR2 da DDR3 tsawonsu ɗaya, kowanne haƙoransa 240, amma tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba. Na farko bolt 1.8 yake ci, na biyu 1.5. In ya ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi, ramin za ka fasa.

Inda aka fi shan wahala shi ne ram ya shiga daram amma shiru. Ɗauko shi ka ƙirga baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikinsa. Madabod mai G41 kan karɓi DDR3 na 4GB mai ƙwayoyi 16, takwas gaba takwas baya, ya ƙi mai takwas kacal, domin kowace ƙwaya ta fi ƙarfin lissafinsa. Mai G31 kuwa iyakarsa 4GB gaba ɗaya, ko me ka zuba masa. Akwai kuma ram na manyan kwamfutocin saba, mai alamar R a lambarsa, kamar PC3-10600R. Araha gare shi, shi ya sa yake ruɗin mutane, amma kwamfutar gida ba ta tashi da shi. Ina jin takaicin ganin ɗalibi ya zuba kuɗin abincinsa a kansa.

In jinsi ya dace, sai a zare wayar wuta, a goge haƙoran da kilinar fensir, a hure ramin, don ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta hana shi aiki. A sa guda ɗaya tak, a danna har makullan gefe biyu su kama da kansu. Ya ƙi? A cire batirin CR2032 da ke kan madabod na 'yan mintuna, a mayar, a sake gwadawa.

Wani kuma kwamfutar ta tashi, amma ya sa 4GB tana nuna uku da ɗoriya. Ba cutarsa aka yi ba, Windows mai 32-bit ce a kai, sai an sauya ta da mai 64-bit. In tana ɗaukewa ana tsakar aiki, a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana binciken ram ɗin kafin a koma kasuwa.