"Na Bar Wa Allah" A Zaure Ba Hukunci Ba Ne

A wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, wani magidanci ya lalata yarinya 'yar shekara tara. Kafin la'asar dattawa sun cika zauren ubanta: a rufa asiri, ai duk dangi ne, kada ta rasa mijin aure. Aka dire buhun shinkafa da ɗan kuɗin magani. Uban ya sunkuyar da kai ya ce ya bar wa Allah. Uwar tana ɗaki tana kuka, ba wanda ya nemi jin ta bakinta. Mutumin kuwa yana nan yana yawonsa cikin yaran unguwa.

Abin da ya fi ba ni haushi, da addini ake fakewa. Gaskiya ne shari'ar Musulunci, wadda Jigawa ta ƙaddamar a 2000, ta ba waliyyan wanda aka kashe zaɓi: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. Diyyar ma ba buhun shinkafa ba ce, raƙuma 100 ne ko dinari 1,000. Kuma a mazhabar Malikiyya ko sun yafe, sai an yi wa mai kisan ganganci bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Kisan gilla kuwa babu afuwa a cikinsa; duk wanda ya karanta Risala a gaban malam ya san haka. Fyaɗe ba ya cikin wannan zaɓi sam. Haƙƙin yarinyar ne da na al'umma, kuma a 2021 Gwamna Badaru ya sa hannu a dokar da ta tsananta hukuncinsa. To, wa ya ba uba ikon sayar da shi?

Iyaye mata, ku nake roƙo. Kada ku zaunar da yarinyar da aka yi wa fyaɗe cikin ruwan zafi, kada ku wanke tufafinta, shaida kuke wankewa. A garzaya da ita asibiti kafin kwana uku su cika, lokacin da maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki. Ga asibitin tarayya a Birnin Kudu. Sannan a kai ƙara wurin 'yan sanda.

Ranar zaman kotu kuma a je. In kuna da magana, ta sassauci ko ta tsanani, a gaban alƙali za ku faɗe ta. In shaidu suka daina zuwa, korar ƙarar ake yi, mai laifin kuma ya dawo unguwar da ƙannenta suke talla.